In an ce sun zo, kada ka tambaya su wa

Ranar da na sauka Agege cirani, Kawu bai bari na sha ruwa ba ya miƙo min kwali da aka jera tabarau a jiki. Ya ce, "Ɗana, wannan sana'ar ƙafa ce jarinta. In ka ji an ce sun zo, kada ka tambaya su wa."

Shekarar 2016 ce, daidai lokacin da Gwamna Ambode ya kakkaɓe ƙurar dokar 2003 da ta hana talla a titunan Legas: tarar naira 90,000 ko wata shida a gidan yari, mai saye da mai sayarwa duka. Ni kuwa da kwalin da tabarau da silifas ɗina, ko an haɗa mu a sikeli ɗaya ba mu kai dubu goma sha biyar ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, haramtacciyar sana'ar nan kullum da safe sai na biya mata kuɗi wuri uku. Akwai tikitin ƙaramar hukuma, akwai kuɗin ƙungiya, sai na wasu ƙarti da ke zaune a ƙarƙashin gada, su rasit ɗinsu jajayen idanu ne.

Wata Talata a Ojota, goslo ya riƙe titin Ikorodu tamau, wani mai ƙatuwar mota ya sauke gilashi ya ce, "Aboki!" Ya gwada ɗaya, yana duba fuskarsa a madubi kamar ango. Muna cikin ciniki na ji mai gala ya wuce ni fuu, mai fiya wata na binsa. Ni da nake jiran kuɗina, sai na saɓa wa Kawu, na juya na ce, "Su wa?"

Wanda na tambaya shi ya riƙe min ƙugun wando.

Na zaro tikitina da ƙarfin gwiwa, na ce, "Oga, na biya." Ya karanta har baya, ya ce wannan na ƙaramar hukuma ne, su kuma na jiha ne. Mai motar, wanda doka ta ce laifinmu ɗaya, ya ɗaga gilashi ya tafi da tabarau a fuska, ko hon ba a yi masa ba.

Sai bayan la'asar shugaban ƙungiyarmu ya zo ya yi ta ranka-ya-daɗe aka sake ni. Kwalin ya dawo da giɓi biyar. Mako na zagayowa na hango wanda ya kama ni sanye da ɗaya, ko takardar farashin bai ɓare ba. Gaskiya, ya yi masa kyau.

Daga ranar na zama barewa. Da zaɓen 2019 ya matso, kame ya yi sauƙi, amma ƙafata ba ta samu labari ba. Wata safiya babbar mota ta ci birki a gabanmu, wani ya ce, "Sun zo!" Ban waiwaya ba na daka tsalle, sai ga ni tsamo-tsamo cikin kwata, ruwa baƙi har gwiwa.

Da na leƙo, kowa na tsaye da sabuwar hula da riga mai hoton ɗan takara, mai gala har da ƙullin shinkafa. Kawu ya dube ni daga sama, hula biyu a kansa, ya ce, "Kai kuma me ya hana ka tambaya?"