Idan za ki ba ni girkin kakarki, haɗo min da irin

Jama'a, akwai maganar da na daɗe ina son yi da 'yan uwana masu lambu, musamman mu da muke shuka ɗan abin sawa a tukunya a bayan gida. Kun lura duk inda masu lambu biyu suka haɗu, hirar taki da tsutsa ba ta daɗewa? Za a fara da "yaya tumatirinka bana", kafin a ankara an shige kicin: yadda mahaifiyar wannan take dafa kabewa, yadda kakar wancan take shanya barkono. Can sai a ambaci sunan wadda ta rasu, a yi mata addu'a, a ci gaba. A ganina wannan hirar ta fi duk abin da muke yi a bakin fangali daraja, amma muna yi mata riƙon sakainar kashi. Girkin da aka gada a gida, idan a rubuce kawai aka ba da shi, rabi aka bayar. Ɗaya rabin yana cikin irin da aka shuka, da lokacin da aka tsinko, da hannun da ya saba. Mai lambu ne yake da halin miƙa su a haɗe, don haka nauyin a wuyanmu yake.

Kowa ya taɓa jin wannan kukan: "Wallahi na bi komai yadda Inna take yi, amma bai yi ɗanɗanon nata ba." Sai mutane su ce kewa ce kawai, ko su ce albarkar hannu ce. Ban musa ba, kewa tana da nata kason. Hanyar da ƙamshi yake bi a ƙwaƙwalwa tana manne da wuraren da ke riƙe tunani da motsin zuciya, shi ya sa ƙamshin albasa a mai yake iya mayar da ƙaton mutum yaro cikin ƙiftawar ido. Amma sau da yawa mai kukan gaskiya take faɗa, abincin bai yi ɗanɗanon ba, domin tumatirin da ke hannunta ba shi ne wanda ke hannun Innarta ba.

A 2012 masu bincike sun wallafa a mujallar Science cewa wani hali da masu fitar da iri suka shafe gomman shekaru suna zaɓa, wato tumatir ya nuna ja bai ɗaya ba tare da koren kafaɗa ba, yana rage sukarin da ke cikin ɗan. Ya yi kyau a ido, ya yi sauƙin girbi a lokaci guda, amma an biya da zaƙi. A 2016 kuma masana a Jami'ar Florida da abokan aikinsu suka nuna cewa ajiye tumatir na kwanaki a sanyin da bai kai digiri 12 a ma'aunin Selsiyas ba yana dakushe sinadaran da ke ba shi ƙamshi. To ki haɗa biyun: irin da aka zaɓa don ya jure doguwar tafiya, an tsinke shi bai gama nuna ba, ya kwana a firij. Wace takarda ce za ta mayar da shi wanda aka tsinko da hantsi daga bayan ɗaki, da ɗumin rana a jikinsa? Haka masara mai zaƙi take, daga lokacin da aka karya ta sukarinta yake fara komawa sitaci. Tsohuwar da ta ce a ɗora ruwa a wuta kafin a shiga lambu a karyo, ta san abin da take faɗa.

Maganar awo ma haka take. Rubutattun girke-girke mafiya tsufa da aka sani suna kan allunan yumɓu daga ƙasar Babila, a Iraƙi ta yau, tun wajejen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, suna ajiye a Jami'ar Yale. Akwai albasa da tafarnuwa a cikinsu birjik, amma kusan babu awo. Mai rubutun ya ɗauka mai karantawa ya taɓa tsayawa a gaban murhu kusa da wanda ya iya. Sai can a 1896 Fannie Farmer ta fitar da littafinta na girki a Boston, wanda ya yaɗa awon kofi da cokali a shafe daidai baki. Ta yi wa duniya aiki, ba na raina shi. Wanda zai kwaɓa fulawa yana bukatar awo. Amma kayan lambu ba sa zama a cikin awo yadda fulawa take zama. "Albasa biyu" wace albasa? Mai ruwa ce da aka tono jiya, ko wadda ta sha iska ta bushe? "Barkono uku" daga wane gindi, tunda gindin da ya sha ƙishi yakan fi wanda ya ƙoshi da ruwa yaji?

Gwaggona, Allah ya jiƙanta, idan tana soya markaɗen tumatir ba ta duba agogo. Takan tsayar da ni kusa da ita ta ce, "Rufe bakinka ka saurari tukunyar." Da fari za ka ji tana ɓararraka, tana tofo ja a gefe. Can sai ƙarar ta sauya, ta koma siririya mai ƙas-ƙas, man ya taso ya kewaye gefen, launin ya yi duhu. A nan take cewa, "Yanzu ya soyu, miƙo ruwa." Sai da na girma na gane dalilin: muddin akwai ruwa a markaɗen, zafinsa ba ya wuce digiri 100, dahuwa kawai yake yi. Sai ruwan ya ƙone sannan zafin ya haura, suya ta kama, tsamin ya kwanta. Tumatirin damina mai ruwa zai ci lokaci, na rani mai tsoka zai yi sauri. Idan aka rubuta "a soya na minti goma", an yi wa ɗaya daga cikinsu ƙarya. Ita kuwa ƙarar tukunya ba ta yi wa kowanne.

Shi ya sa nake cewa a haɗo da irin. A 1975 wasu ma'aurata a Amurka, Diane Ott Whealy da Kent Whealy, suka kafa ƙungiyar Seed Savers Exchange. Abin da ya tayar da su iri biyu ne kacal da kakan Diane ya damƙa musu kafin ya rasu, na wani tumatir da ake kira German Pink da na wani fure, waɗanda iyayensa suka taho da su daga Bavaria ta ƙasar Jamus a ƙarni na 19. Suka ga idan su ba su shuka ba, shi ke nan, sun tafi. Yau ƙungiyar tana riƙe da nau'i sama da 20,000 a jihar Iowa, kuma abin da ya fi burge ni shi ne suna bin diddigin labarin irin: gidan wa ya fito, wa ya riƙe shi, me ake dafawa da shi. Akwai kuma babban rumbun iri na duniya da aka buɗe a 2008 a Svalbard ta ƙasar Norway, cikin dutse, a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, da samfuri fiye da miliyan ɗaya. Aiki ne babba, Allah ya saka wa masu yi. Sai dai rumbu ba zai gaya maka cewa wannan waken sai ya kwana a ruwa ba, ko cewa waccan kabewar ba a taɓa ta sai ta yi wata guda a ajiye zaƙinta ya fito. Wannan ilimin a bakin mutane yake, kuma mutane suna tafiya.

Kada a fahimce ni baibai, ba na yaƙi da iri mai aure, wanda za ku ga an rubuta F1 a jikin ledarsa. Yana ba da yabanya, yana jure wasu cututtuka, ni ma ina shuka shi. Amma idan ka cire iri daga 'ya'yansa ka shuka baɗi, abin da zai fito ba zai tsaya a kamannin uwar ba, wani ya ɗauko nan wani ya ɗauko can. Ba a gadar da shi. Wanda ake gadarwa shi ne irin da yake maimaita kansa, kuma tumatir da wake sun fi sauƙi domin galibi furensu da kansa yake barbarar kansa. Ka zaɓi ɗan da ya nuna sosai daga gindi mai lafiya, ka matse 'ya'yan da ruwansu a kofi, ka bar su kwana biyu zuwa uku su yi tsami har yauƙin da ke lulluɓe da su ya sake. Ka wanke, masu kyau za su nutse, ka zubar da masu iyo, ka shanya a inuwa har su bushe ƙarau. Kabewa ita ce mai rigima, ƙudan zuma yana ɗauko mata ƙurar fure daga lambun maƙwabta. Idan ka shuka irin da ka ajiye ka ji ɗan yana ɗaci, tofar, ka zubar da shi gaba ɗaya, domin wannan ɗacin guba ne da ke iya kwantar da mutum, dahuwa kuma ba ta kashe shi.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci. Akwai masu cewa, "Ai wannan sirrin gidanmu ne." Akwai kuma waɗanda suka fi su, za su ba ka girkin da fara'a amma su ɓoye abu ɗaya, don naka kada ya kamo nasu. Wadda sana'arta ce, da ita take ciyar da 'ya'yanta, na yi mata uzuri. Amma girkin gida? Sirrin da ake ɓoye wa matar ɗa, a ɓoye wa maƙwabciya, a ce sai 'yar cikin gida, ita kuma 'yar ta yi aure a nesa ba ta tsaya ta koya ba, ina zai ƙare? Wani abokina da muke musayar dashe ya gaya min yadda mahaifiyarsa take wani haɗin ɗanyen tumatir da gishiri da ganye wanda yake kai su har bayan kaka. Kowa ya roƙa sai ta yi murmushi ta ce wata rana. Ta rasu. Yau yana da tulun, yana da gindin ganyen a lambunsa, 'yan uwansa mata sun gwada iya gwadawa, ba wanda ya san me ake fara zubawa. Da yana ba ni labarin sai da muryarsa ta sarƙe. Mu masu lambu ya kamata mu fi kowa gane wannan, tunda mun san irin da ke hannun mutum ɗaya fari ɗaya ne tsakaninsa da ɓacewa. Wanda ka ba maƙwabci, shi ne za ka je ka karɓo ranar da naka ya mutu.

Idan kuma an ba ka, ka faɗi sunan mai shi. Ina ganin yadda ake kwafe girke-girke a Facebook daga wannan shafi zuwa wancan, an goge sunan kowa, kamar daga sama suka faɗo. Me zai rage ka idan ka ce, "Wannan na kakar wance ne, ita ma daga surukarta ta koya"? Da sunan ne labarin yake tafiya: shekarar da aka yi ƙarancin abinci ta koyi ƙara kabewa don tukunya ta ishi yara, ko mijinta ba ya son yaji shi ya sa take jefa barkonon ɗungurungum ta tsame. Waɗannan dalilan su ne suke gaya wa na baya abin da zai iya sauyawa da abin da ba zai taɓa ba.

Domin sauyawa dole ne, kuma ba cin amanar kowa ba ne. Shi kansa tumatir asalinsa Kudancin Amurka ne, a ƙarni na 16 Sifaniyawa suka kai shi Turai daga Meksiko, kuma sai a shekarun 1690 aka buga girkin miyarsa na farko a littafi a Italiya. Duk girkin da muke kira na kaka da kakanni, akwai ranar da wata ta fara jefa baƙon abu a tukunya. Ki sauya, amma ki faɗa: "Ita da man kaza take yi, ni na koma wannan." Wuri ɗaya ne nake roƙon kada a bi tsohuwar hanya ido rufe, wato adana kayan lambu a kwalba. Wake, masara, karas da duk abin da ba shi da tsami, tafasa a ruwa ba ta kashe ƙwayar cutar botulizim, wata gubar abinci mai kisa, da ke iya ɓuya a ciki, sai tukunyar matsin tururi da ke kai zafi wajen digiri 116 zuwa 121. Tafarnuwa a cikin mai ma kada a bar ta a kan kanta, a sa a firij a cinye cikin 'yan kwanaki. Cewa "haka muke yi ba abin da ya same mu" ba hujja ba ce a nan, sau ɗaya ya isa.

Wanda Allah ya bar masa tsohuwa ko tsoho a raye, kada ya ce musu su faɗa masa girkin, domin za su tsallake rabin abin da hannunsu yake yi ba tare da sun sani ba. Ya tsinko kayan daga lambu ya kai, ya ce a dafa a gabansa, ya kunna wayarsa ta ɗauka. Ya tambayi wane iri ne, a wane mataki ake tsinka, yaya ake gane ya yi, wa ya koya musu. Sannan ya tambayi ko akwai sauran iri a wani gwangwani ko ƙullin tsumma, ya rubuta sunan mai shi da shekara da abin da ake dafawa a jikin ambulan. Irin tumatir yakan kai shekara huɗu ko fiye idan ya samu wuri busasshe mai sanyi, na wake wajen uku. Na albasa kuwa da wuya ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu da ƙarfinsa, don haka idan shi kuka tarar a gwangwanin, bana za ku yafa shi.