A Ore ne yaƙin basasar Najeriya ya juya

Duk wanda ya taɓa bin mota daga Legas zuwa Benin ya san Ore. Gari ne a jihar Ondo inda direbobi ke yada zango, fasinjoji su sauko su ci abinci, masu tallar ayaba da burodi su kewaye mota, tireloli kuwa su jeru a bakin titi har rana ta yi sanyi. Matafiyi ba zai ga wani abu a wurin da zai tuna masa da yaƙi ba. Amma a ganina a wannan mararraba ce aka yanke wa yaƙin basasar Najeriya hukunci, a watan Agustan 1967, wata 29 kafin a ajiye makamai.

Sai an tuna halin da ƙasar take ciki kafin a gane dalilina. Ojukwu, gwamnan soja na yankin Gabas, ya yi shelar ɓallewar yankin da sunan Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, aka yi harbin farko ranar 6 ga Yuli a Gakem, kusa da Ogoja. Gwamnatin Gowon ba ta ma yarda ta kira abin yaƙi ba, cewa ta yi aikin 'yan sanda ne na murƙushe tawaye. Rundunar Muhammadu Shuwa ta gangaro daga arewa ta kama Ogoja da Nsukka, Benjamin Adekunle kuma ya biyo ta ruwa ya kama Bonny. Sai dai mutanen Kudu da yawa suna kallon rigimar a matsayin ta Arewa da Ibo, wato ci gaban abin da ya faro a 1966: kisan Sardauna da Tafawa Balewa a Janairu, juyin mulkin ramuwa a Yuli, da kisan da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa. Awolowo ya faɗa a farkon Mayu cewa idan aka bar Gabas ta fita, Yamma ma za ta bi, kodayake daga baya ya karɓi kwamishinan kuɗi a gwamnatin Gowon. Jihar Yamma ta Tsakiya, wadda David Ejoor ke mulki, ta ce ita ba za a mai da ƙasarta fagen fama ba.

Da asubahin 9 ga Agusta sojojin Biyafara suka haye gadar Neja daga Onitsha zuwa Asaba, yawancinsu a cikin motocin haya da na ɗaukar kaya. A ranar suka shiga Benin, babban birnin Yamma ta Tsakiya, cikin ruwan sanyi, domin manyan hafsoshin da ke tsaron jihar akasarinsu Ibon yammacin kogi ne, ba su kuwa ɗaga bindiga ba. Ejoor ya sha da ƙyar. Wanda ke jagorantar mamayar, Victor Banjo, Bayerabe ne da aka tsare bayan juyin mulkin Janairun 1966, Ojukwu ya sake shi ya ba shi runduna. Lissafin a fili yake: Bayerabe a gaba, ƙofar Ibadan da Legas za ta buɗe da kanta.

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, Banjo kuwa ya bari ya huce. Ya zauna a Benin kwana da kwanaki yana jayayya da Ojukwu a kan wanda za a naɗa ya riƙe jihar da kuma sunan da za a kira mamayar. Shi yana son a ɗauke ta a matsayin yunƙurin ceto Najeriya baki ɗaya, Ojukwu kuwa ya naɗa Albert Okonkwo, likitan soja kuma Ibo, wanda hakan ya tabbatar wa mutanen Benin da Urhobo da Itsekiri da Ijaw cewa mamaye su aka yi. Kafin dakarun su kai Ore, wajen 20 ga wata, Legas ta farka. Gowon ya riga ya yi shelar yaƙi gadan-gadan, an tattara duk wanda zai iya riƙe bindiga, har da akawuna da masu dafa abinci na bariki, aka haɗa Runduna ta Biyu aka miƙa wa Murtala Muhammed.

Faɗan Ore kansa bai kai girman waɗanda suka biyo baya ba, ko a yawan sojoji ko a yawan gawarwaki, duk da cewa zafinsa ya bar wa Yarbawa karin maganar nan ta "o le ku, ija Ore", wato faɗan Ore ya yi tsanani. An tare 'yan Biyafara kimanin kilomita 200 daga Legas, suka kasa gaba. Murtala bai tsaya tura su ta hanyar da suka zo kawai ba, ya zagayo ta wajen Owo da Auchi ya faɗo wa Benin daga arewa. Ranar 20 ga Satumba garin ya koma hannun tarayya, sa'o'i kaɗan bayan an yi shelar wata Jamhuriyar Benin da ba ta ga kwana biyu ba. Cikin watan aka harbe Banjo a Enugu tare da Emmanuel Ifeajuna da wasu mutum biyu bisa zargin cin amana, ranar 4 ga Oktoba kuma Enugu, babban birnin Biyafara, ta faɗi.

Abin da Biyafara ta rasa a Ore ya wuce fili. Ta rasa damar da take da ita guda ɗaya tak ta gama yaƙin da sauri, domin ƙaramar ƙasa da aka toshe wa teku ba ta iya jure dogon yaƙi. Ta kuma yi wa Gowon aikin da shi kansa ya kasa yi, wato ta mai da rigimar ta zama ta kowa. Bayerabe da ya ga sojan Ojukwu a ƙasar kakanninsa ya daina zaman ɗan kallo, samarin Yamma da na Yamma ta Tsakiya suka yi ta shiga soja, tsofaffin sojojin yaƙin Bama aka kira su suka sake sa kaki. Rundunar sojan Najeriya da take da mutum wajen dubu 10 kafin rikicin ta haura dubu 200 a ƙarshensa.

Akwai masu cewa faɗuwar Fatakwal a Mayun 1968 ce ta karya Biyafara, tunda ita ta raba ta da tashar jiragen ruwa da matatar mai, ta bar ta da ɗan filin jirgi na Uli da ake sauka cikin dare. Wasu kuma suna nuna faɗuwar Owerri a Janairun 1970. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma waɗannan duk faɗan wanda aka riga aka ritsa ne. Ko a ranakun da Biyafara ta yi nasara, kamar kwanton ɓaunar Abagana a ƙarshen Maris 1968 da ya ƙone jerin gwanon motocin Runduna ta Biyu, ko sake kama Owerri a Afrilun 1969, kare kai take yi. Bayan Ore ba ta ƙara yi wa Legas barazana ta ƙasa ba.

Mu a Arewa mun fi ba da wannan labari a matsayin jarumtar Murtala, kuma jarumtar gaskiya ce. Sai dai muna tsayawa a Benin, alhali rundunar ba ta tsaya a can ba. Ta isa Asaba a farkon Oktoba, inda ranar 7 ga wata mutanen gari suka fito cikin fararen kaya suna rera goyon bayan Najeriya ɗaya, aka ware maza da samari daga mata aka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Daga nan aka yi ta yunƙurin haye kogin Neja a jiragen ruwa zuwa Onitsha, duk da shawarar hedikwatar soja a Legas cewa a zagaya ta tudu, sojoji masu yawa suka halaka a ruwa. Wanda zai yabi rundunar a kan Ore da Benin, ya kamata ya iya ambaton waɗannan ma da bakinsa. Onitsha dai ba ta shiga hannu ba sai a watan Maris na 1968, bayan an hakura an bi ta tudun.