Kafin ka tura saƙon "a kore su", ji abin da aka yi wa Japanawa a Amurka

'Yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu. Mutum ɗaya ya yi laifi, sai mu ɗauki waya mu yanke wa ƙabilarsa kaf hukunci. "Ai haka suke." "A kore su kawai." Ku tsaya ku ji inda irin wannan magana ta kai wasu mutane.

Tun 1868 Japanawa suka fara zuwa tsibirin Hawai ƙwadago a gonakin rake, daga baya suka tsallaka Kalifoniya. Amurka ta hana 'yan ƙwadagon Sin shiga ƙasar a 1882, masu gonaki suna neman hannu mai araha, sai aka yi maraba da su. Muddin baƙo yana durƙushe a gonar wani, ba wanda ya damu da shi. Ranar da ya tara 'yan kuɗinsa ya kama hayar fili, ya mai da busasshiyar ƙasa lambu, ya kai kayansa kasuwa yana gogayya da 'yan gari, ranar jaridu suka fara kiransa barazana. Ku lura da wannan, don hassada ba ta fitowa da sunanta, sai ta sa rigar kishin ƙasa.

A 1905 aka kafa ƙungiya a San Faransisko, ba ta da aiki sai neman korar 'yan Asiya. A 1906 hukumar ilimin birnin ta ce a ware yaran Japanawa daga makarantun Turawa, yara 93 kacal, har sai da Shugaba Theodore Roosevelt ya shiga tsakani. A 1913 Kalifoniya ta hana su mallakar gona. Iyaye suka koma saye da sunan 'ya'yansu haifaffun can, sai aka ƙara ɗaure dokar a 1920. A 1922 Kotun Ƙoli ta ce wa Takao Ozawa, mutumin da ya yi karatu a ƙasar ya shekara fiye da 20 a cikinta, ba zai zama ɗan ƙasa ba don shi ba farar fata ba ne. A 1924 aka rufe ƙofar shigowa ruf.

Saboda haka da sojan Japan suka kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka a Hawai, ran 7 ga Disamba 1941, an riga an share fage shekara 30 da wani abu. Ran 19 ga Fabrairu 1942 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, aka kwashe Japanawa wajen 120,000, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne. Aka ce kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya ɗauka. Gidaje da shaguna da gonaki aka karyar da su, maƙwabta suka saye a wulaƙance. Wasu iyalai a ɗakunan dawakin sukuwa na Santa Anita da Tanforan aka fara zuba su, kafin a kai su sansanoni 10 irin su Manzanar, cikin ƙura da waya mai ƙaya.

Hujjar fa? Janar John DeWitt, wanda ya jagoranci kwashewar, cewa ya yi rashin samun wani da ya yi zagon ƙasa shi ne alamar suna shirin yi. Subhanallah! Ka yi laifi an kama ka, ba ka yi ba an ce lamɓo kake yi. Duk ranar da ka ji kanka kana faɗin "shirun da suka yi ma abin tsoro ne" a kan wata ƙabila, to ka san sahun wa ka bi. Abin mamaki, a Hawai inda aka kai harin, Japanawa sun fi kashi ɗaya cikin uku na jama'a, amma ba a kwashe su ba sai 'yan kaɗan, don in an yi haka aikin tsibirin tsayawa zai yi.

Akwai waɗanda suka ƙi bin yayi. Gwamnan Kolorado, Ralph Carr, ya tsaya a kan cewa ba a tsare ɗan ƙasa ba tare da shari'a ba, ya kuwa faɗi zaɓen sanata a 1942. Fred Korematsu, ɗan Japanawa haifaffen Amurka, ya ƙi tafiya, Kotun Ƙoli ta kayar da shi a 1944, alƙalai 6 da 3. Faɗin gaskiya lokacin da gari ya ɗau zafi yana da tsada, amma wanda ya kasa faɗa ya iya kame yatsansa.

Mu kuma ba baƙin wannan ba ne. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, mutanen zango da yawa suka bar abin da suka tara. A 1983 Najeriya ta yi irin nata, har yau jakar "Ghana must go" tana ɗakunanmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai a 1983 kwamitin da majalisar Amurka ta kafa ya ce wariyar launin fata da ruɗanin yaƙi da gazawar shugabanni ne suka jawo kwashe Japanawan. A 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar neman afuwa, aka ba duk wanda yake raye dala 20,000. Da yawa daga tsofaffin da suka kafa gonakin nan sun riga sun mutu.