Ga Lokacin Da Ka Ce Ba Ka Da Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Nasihar nan kaina nake yi wa tukuna, sannan 'yan'uwana da suka ajiye aiki, da waɗanda takardarsu take hanya. Matasa ma kada ku wuce. Layin ɗaya ne, mu ne dai a gaba.

Shekaranjiya bayan sallar Asuba, muna laluben takalma a ƙofar masallacin unguwarmu, wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, wallahi yini ya yi mini tsawo." Watansa 7 da ritaya. Mutum ne da a da sai ka cike takarda ka zauna a benci kafin ka gan shi, masinja a ƙofa, direba a waje yana goge mota. Ya ce a makon farko har wayarsa ya kai wa mai gyara, don ta daina ƙara. Yaron ya jujjuya ta, ya kira ta da tasa, ta yi ƙara, ya miƙo masa ya ce, "Baba, lafiyarta lau. Kiran ne ba a yi." Muka yi dariya, amma tawa iyakarta leɓe, domin shekara 4 da suka wuce na sha wannan ruwan, na san ɗacinsa.

A ganina ciwon nan ya fi kama mu mutanen Kaduna. Kano garin fatauci ce, Zariya garin karatu, Kaduna kuwa garin albashi. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, aiki ne ke kawo mutane: reluwe, soja, sakateriya, gidan rediyo, masaƙu, matatar mai. Wannan daga Katsina, wancan daga Sakkwato, wani daga Borno. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya ritaya, sai dai ya koma bakin shago yana sa ido yara suna auna yadi. Manomi in ƙarfi ya ƙare, shi ake tambaya ko ruwan nan ya isa shuka. Malamin zaure kuwa yana kan buzunsa har ranar da za a ɗauke shi. Kakanninmu ba su ma da kalmar, aro muka yi. Mu kaɗai ne ake kira rana ɗaya a ce shekara 60 ta cika, ko shekara 35 ta aiki, a yi mana walima, a ba mu agogon bango, a ce Allah ya huta gajiya. Agogo fa, ga mutumin da ba shi da inda za shi. Komawa gida ma ta gagara: yara a nan aka haife su, gonar gado an raba, sa'anninka na ƙauye rabi suna maƙabarta. Shi ya sa za ka ga Malali da Unguwar Rimi da Badarawa da Kawo cike da mutanen da suka juya ma'aikatu da bataliyoyi, yau sun rasa yadda za su juya hantsi ya kai azahar.

To ku dubi wani abu. Gwamnati ta ce 60. Imamu Bukhari kuma ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Allah ya yanke uzuri ga mutumin da ya jinkirta wa ajali har ya kai shi shekara 60. A ruwayar Tirmizi ya ce shekarun al'ummarsa tsakanin 60 ne da 70, kaɗan ne ke ƙetare haka. Da lissafin wata kuwa, mai 60 ta Bature ya kusa 62. Wanda kuma ya ɗan rage shekaru a fayil don ya daɗe a ofis, sai ya yi nasa lissafin a ɓoye, mala'iku ba da fayil suke aiki ba.

Wane uzuri aka yanke? Ni dai na san nawa. Shekara 35 bakina bai gaji da "ba lokaci" ba. Malam ya ce zo a gyara maka karatu, ba lokaci. Ƙanwata tana Funtuwa, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, sai in shekara biyu ban taka gidanta ba. Maƙwabci ya rasu, ina mitin, sai da dare in je gaisuwa. Kullum amsar ɗaya ce: in na yi ritaya. In na yi ritaya zan sauke Alƙur'ani duk wata, in na yi ritaya ba zan ƙara rasa sahun farko ba. To ga ta nan ta zo. Awa 8 a kullum, awa 40 a mako, an dawo mana da su har gida ba mu roƙa ba. Abin da muka yi ta kukan rashinsa shi ne yanzu muke kukan yawansa. Wannan ba abin kunya ba ne a gaban Wanda ya ji alkawarin?

Hadisin Ibnu Abbas da ke cikin Bukhari kowa ya san shi: ni'imomi biyu, mutane da yawa ana cutarsu a cikinsu, lafiya da samun sarari. Kalmar da aka yi amfani da ita, magbun, ta kasuwa ce. Shi ne wanda ya shiga da kaya mai tsada ya fito da kuɗin goro, yana murna bai san an yi masa wayo ba.

Ga kuma inda ake sayar da kayan. Majalisa. Ban ce zama da abokai laifi ba ne, dattijon da ba shi da abokin hira ma abin tausayi ne. Amma a shimfiɗa tabarma tun ƙarfe 10, a naɗa gwamna, a sauke minista, a raba kasafin kuɗin ƙasa, in siyasa ta ƙare a koma kan 'yar wane da aka gani a Keke da matar wane da ta yi yaji, har ladan ya kira azahar, wannan cin naman mutane ne da furfura a gemu. Sai waya. Duk saƙon da ya faɗo WhatsApp sai Alhaji ya tura, bai duba ba, bai tambaya ba. Mu da muka ga rikicin 2000 da 2002 da 2011 da idanunmu a garin nan, mun san kuɗin da jita-jita take ci, bai kamata a same mu a sahun masu yaɗa ta ba. Wani kuma gida yake mayarwa ofis. Hajiya ta shekara 30 tana tafiyar da gidanta ba darakta, yau an wayi gari ana ƙirga mata dunƙulen magi, ana tambayar dalilin da ya sa mai ya ƙare kafin Alhamis. Jikoki suna jin tarinsa su watse. Da aka tambayi Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, me Annabi yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Hidima ta ce, ba binciken kuɗi ba.

Tushen abin, in mun faɗa wa kanmu gaskiya, mun ɗauka kujerar nan ita ce mu. Da aka janye ta sai muka ji kamar an janye mu. Alhali aikin da aka halicce mu dominsa ba a taɓa ba mu takardar sallama daga gare shi ba. Ƙarshen Suratul Hijri: ka bauta wa Ubangijinka har yaƙini ya zo maka, malaman tafsiri suka ce yaƙinin nan mutuwa ce. A Alam Nashraha kuma, surar da jikokinmu suka haddace: fa'iza faragta fansab, wa ila Rabbika fargab. In ka gama, to ka sake miƙewa, kuma ga Ubangijinka ka mayar da kwaɗayi. Kamar don mu aka saukar.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya jiƙansa, a 1812 ya raba tafiyar da daula tsakanin ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Ya kusa shekara 58 a lokacin, sa'an mai shirin ajiye aiki. Bai zauna jiran a zo gaisuwa ba, karantarwa da rubutu ya ci gaba da yi a Sifawa, daga baya ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. A nan gida, Shehu Abubakar Gumi ya bar kujerar Alƙalin Alƙalan Arewa, amma bai bar karatu a masallacin Sultan Bello ba har ya koma ga Allah a 1992. Kowane ɓangare kake, ɗaga kai ka dubi manyan malamanku, ka nuna mini wanda ya ce ya yi ritaya.

Za ka ce su malamai ne. To fara da zama ɗalibi, gemu ba ya hana ilimi. Da yawanmu karatun allon da muka bari muna 'yan shekara 10 shi muke salla da shi har yau, ga digiri biyu a bango. Alƙur'ani izu 60 ne. Izu ɗaya bayan Asuba, ɗaya bayan La'asar, wata guda ka sauke. In harshe ya yi nauyi, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mai karantawa yana tuntuɓe, yana shan wuya, lada biyu gare shi. Abin da ke hana mu ba nauyin harshe ba ne, girman kai ne: yaya tsohon babban sakatare zai durƙusa gaban yaro? Zai durƙusa kuwa, ya tashi ba abin da ya ragu a jikinsa.

Sannan abin da ka sani, na wa ne? Akanta ya yi ritaya, asusun masallacin unguwarsa kuwa a leda ake ajiye shi ba rubutu. Tsohuwar nas tana zaune, matan layinta suna haihuwa ba wanda ya ce musu su je awo. Malamin lissafi na shekara 35 yana gyangyaɗi a ƙofar gida, yaran maƙwabta suna faɗuwa jarabawa. Tsohon ma'aikacin filaye ya san duk hanyar takarda, marayu kuma ana cinye musu fili saboda ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Ilimin nan da kuɗin talakawa aka koya mana shi, ba daidai ba ne a binne mu da shi. Akwai kuma aikin da sai mai furfura: sulhu. Aure nawa ne ya mutu a unguwarku bana saboda ba babban da ya ce a zauna? Annabi ya ce gyara tsakanin mutane ya fi darajar azumi da salla da sadaka, Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, malamai suka ce na nafila ake nufi. Ga shi kai kana da lokacin zirga-zirgar, kuma ana jin kunyar idonka.

Jiki ma amana ne. Taka zuwa masallaci, bar motar ta huta. Masu iko su leƙa Dandalin Murtala da sassafe, za su tarar da sa'anninsu suna zagaye. A riƙa auna jini da suga, kada a jira sai an faɗi.

Kuɗin sallama kuwa, don Allah a yi hattara. Ranar da suka shigo, ranar wayar take farfaɗowa. Mai cewa kawo a juya maka duk wata ka ga riba, mai cewa a zuba kaji dubu alhali ko kaza ɗaya ba ka taɓa kiwo ba, da mai raɗa maka cewa akwai wata yarinya mai hankali. Ba zan hana abin da Allah ya halatta ba, amma ka tuna kuɗin nan ba su da ƙane. In sana'a za ka yi, fara da kaɗan, ka koya wurin wanda ya riga ka ko da yaronka ne a da.

Na san akwai waɗanda za su karanta wannan su ce Malam, mu ba gundura ke damunmu ba, yunwa ce. Gaskiya ne. Akwai wanda fanshonsa ba ya kai shi tsakiyar wata, akwai wanda yake ta sintirin tantancewa da fayil a hammata, akwai iyayenmu na masaƙun Kakuri da ba su yi ritaya ba, ƙofa kawai aka rufe musu. Waɗannan ba wa'azin cika lokaci suke bukata ba, haƙƙinsu suke bukata, kuma duk wanda haƙƙin ma'aikaci ya maƙale a teburinsa ya ji tsoron Allah, shi ma layin yake bi. Mu da namu yake fitowa, neman irin waɗannan 'yan'uwa da tsaya musu yana cikin aikin da ke jiranmu. Ku kuma 'ya'ya, tura wa Baba kuɗi ta waya bai isa ba. Ku je ku zauna, ku nemi shawararsa ko da kun riga kun san amsar.

Dattijon nan na shekaranjiya, ce masa na yi gobe kada ya tashi bayan an sallame. Muna da ɗan zama a kusurwar masallaci har rana ta fito, mu 6 ne, akwai tsohon soja, akwai tsohon ma'aikacin masaƙa. Malaminmu sa'an autansa ne. Jiya ya zauna, yau ma ya zauna. Daga Fatiha aka fara da shi, kuma a walad dallin aka tsaya, sai da ya maimaita ta ya fi sau 10. Da muka fito ya ce mini, "Malam, shekara 50 haka nake karanta ta, ba wanda ya taɓa faɗa mini." Na ce, "Ranka ya daɗe, wa zai gyara wa darakta?"

Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga Lam Yakun. Mai zuwa ya taho da tabaraunsa, fitilar kusurwar ba ta da haske sosai.