Kawu Ne Na Gaba

Duk mai niyyar buga The Rise of the Golden Idol ya tanadi littafi da biro tun kafin ya kunna kwamfuta. Sannan ya tanadi wurin ɓoye littafin, don nawa saura ƙiris ya gurfanar da ni gaban mai unguwa.

Wasan ci gaba ne na The Case of the Golden Idol da ya fito a 2022. Wani ɗan ƙaramin kamfani a ƙasar Latbiya mai suna Color Gray Games ne ya haɗa su duka biyun, Playstack kuma ta fitar da su kasuwa. Labarin na farkon a ƙarni na 18 yake, a kan wani gunkin zinariya da duk hannun da ya shiga sai an ga gawa. Na biyun ya fito a Nuwamban 2024, ya tsallako da gunkin zuwa shekarun 1970, zamanin talabijin da motoci da ɗakunan binciken kimiyya. Lamura 20 ne a cikin babi 5, kuma ba dukansu ne kisan kai ba.

Babu gudu, babu harbi. Hoto ake ba ka tsaye cak, daidai lokacin da abu ya faru. Ka latsa mutum ka ga abin da yake faɗa da abin da ke aljihunsa: wasiƙa, makulli, katin shaida. Kalmomin da ka tsinta suna taruwa wuri ɗaya, sai a miƙo maka labari mai gurabu, wane ya yi wa wane kaza, da kaza, a wuri kaza, a ce cike. A na farkon sai ka latsa kowace kalma da hannunka kafin ta shiga rumbu, kuma kana ta kai-komo tsakanin shafin bincike da shafin tunani. A na biyun kalmomin su suke shiga da kansu, shafukan cikewar kuma sun zama tagogi da kake ja a kan hoton. Tagogin sun yi mini daɗi a kwamfuta. Shigar kalmomi da kansu kuwa tana koya wa mutum lalaci, sai ka ga ka latsa wasiƙa ka wuce ba ka karanta ba, alhali amsar tana layi na ƙarshe.

Tsarin da ke aiki shi ne a fara da sunaye. Kada ka taɓa labarin sai ka haɗa kowace fuska da sunanta, don suna ɗaya in ya karkace yakan lalata gurabu da yawa. To a nan ne masifata ta samo asali. Kafin in gano sunan mutum na gaskiya sai in laƙaba masa na wucin gadi da Hausa: Likita, Mai Tabarau, Matar Gida. Akwai wani dattijo mai sanƙo da ɗaure fuska, ina ganinsa na ce wannan ai Kawu ne, ƙanen Hajiyarmu, har yadda yake tura leɓe. Na rubuta Kawu.

Littafin kuwa irin na 'yan makaranta ne, na ajiye shi a kan firji na tafi aiki. Abin da uwargida ta tarar a shafin tsakiya, da rubutun hannuna, shi ne:

"Kawu ne na gaba. Guba ko igiya? A duba aljihunsa, takardar tana wurinsa. Likita yana ciki. Matar Gida ba ta san komai ba tukuna."

Ƙarƙashin "tukuna" har na ja layi biyu. Kuma kowa a danginmu ya san takardun gonar gado ta kakanmu suna hannun Kawu, an daɗe ana tsuke baki a kai. Aminina da muke zama da shi bayan isha'i kuma ma'aikacin asibiti ne, duk unguwa Likita ake ce masa.

Na dawo da la'asar na tarar da takalma jere a ƙofar falo. Hajiya na kan kujera da carbi, Kawu a gefe ya tura leɓen nan, uwargida a tsaye bakin ƙofar ɗaki da mayafi a kafaɗa, yara an kora su maƙwabta. Na durƙusa na gaishe su, babu wanda ya tambaye ni gajiya.

"Ɗan nan," in ji Hajiya, "gonar ce har ta kai ka haka?"

Na ce, "Wace gona, Hajiya?"

Kawu ya ɗaga littafin da yatsu biyu. "Karanta mana da bakinka. Guba ko igiya. Ashe har zaɓi gare ni."

Uwargida ta ce, "Baban Ummi, ni dai tukunan nan nake so ka fassara mini."

Na rantse wasa ne. Hajiya ta ce ai ta san wasa, ba a yin sa da ran mutum. Na ce wasan kwamfuta nake nufi, na ɗauko ta na kunna, aka ɗauke wuta, batirin kuma dama saura kaɗan. Sai da na tayar da janareta, ina jan igiya Kawu yana leƙe ta taga yana kallon igiyar.

Da hoton ya fito na nuna musu dattijon. Hajiya ta matso da fuska ta daɗe tana kallo, sai ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Kawu ya ce shi bai ga wata kama ba, kuma wannan mutumin ya girme shi.

Daga nan ya tsaya yana tambayar yadda abin yake. Na yi masa bayanin alamar da wasan ke bayarwa idan kuskurenka bai wuce gurbi biyu ba. Na kuma gaya masa dabarar ragwaye: in alamar ta fito sai ka yi ta musanya sunaye har ka dace. Dabarar tana fitar da mutum daga lamari ɗaya, amma a ƙarshen kowane babi akwai wani babban shafi da ke ɗinke lamuran wuri ɗaya, wanda sabon abu ne a na biyun, kuma shi ne mafi kyawun abin da aka ƙara. Wanda ya wuce da canki-canki a nan yake maƙalewa, don bai san dalilin kowa ba, sai ya koma baya ya sake karanta duk abin da ya tsallake.

Kawu, wanda ya yi ritaya yana magatakardan kotu, ya ce wannan ai shari'a ce ba tare da sauraron shaidu ba. Ya gyara tabarau, ya sa na karanta masa takardun aljihun kowa ɗaya bayan ɗaya, ya ce in maimaita kwanan watan da ke kan wata wasiƙa. Gurbin da ya hana ni barci, shi ya cike shi kafin a kira magariba.

Ga mai tambaya ko ya saya: in ka buga na farkon ka ji daɗinsa, saya, amma sai kana jin Turanci ko wani daga harsunan da aka fassara shi, don duk aikin karatu ne. A da akwai shi a waya ta manhajar Netflix kafin a cire shi a 2025, sai dai dama ƙaramin allo da tagogi masu yawa ba sa shiri, kwamfuta da linzami sun fi.

Hukuncina a kan babi na ƙarshe zai ɗan jira, don kwamfutar tana gidan Kawu. Ya sayi nasa littafin mai bango mai kauri. Da na je karɓa na leƙa ciki, na ga ya laƙaba wa wani mai ƙananan idanu sunana, a gabansa ya rubuta: "Ban yarda da wannan ba, a ci gaba da sa masa ido."