Ƙannena, bege daban, so daban

Ƙannena maza da mata, ku ba ni aron kunne. Na ga da yawanku sun rage kallon Indiya sun koma katun ɗin Japan da ake kira anime, kuna tura wa juna ta Xender, kuna kai wa asuba a kansa. Ba zan ce kayan yara ne ba, domin Japanawa da kansu sun ware wa kowa nasa: shonen na yara maza masu tasowa, shojo na 'yan mata, seinen na maza manya, josei na mata manya. Don haka kada ka ga zane ka miƙa wa ƙaramar ƙanwarka waya. Akwai na batsa zalla a ciki, kuma hukuncinsa kowa ya sani, ba sai na tsaya a kai ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai tsabtar, wanda ake gamawa ido ya yi ja.

A 2007 mai shirya anime Makoto Shinkai ya fitar da 5 Centimeters per Second, fim na kusan awa ɗaya. Sunan yana nufin saurin da furen bishiyar Japan da ake kira sakura ke yi idan ya baro reshe zai sauka ƙasa. Jarumin fim ɗin, Takaki, yana ɗan shekara 13 ya hau jirgin ƙasa daga Tokyo zuwa Tochigi don ganin Akari, ƙawarsa ta yarinta da yake so, dusar ƙanƙara ta tsayar da jirgin awanni, iska ta fizge wasiƙar da ya rubuta mata. Ya isa cikin dare ya tarar tana jiransa. Wallahi wurin nan yana taɓa zuciya, ni ma ya taɓa tawa. Amma ku bi yaron ku ga inda ya ƙare. A tsibirin Tanegashima, inda ya koma da zama, wata yarinya, Kanae, ta so shi har ta kasa furtawa, shi kuwa yana can yana rubuta saƙonni a waya ba ya turawa. Ya girma, ya samu aikin kwamfuta a Tokyo, ya ajiye aikin. Budurwar da ta yi shekara uku tare da shi ta gane gangar jikinsa kawai take gani, zuciyar tana wani wuri. Mutum biyu ya cuta ba da niyya ba, saboda daren da ya wuce tun yana yaro.

To, wannan kuke kira soyayya ta gaskiya? Bege ne ya zama ciwo. Japanawa suna da abin da suke kira mono no aware, wato tausayin abin da ba ya daɗewa, kamar furen sakura da ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu. Masu zanensu sun ƙware wajen sa wannan tausayi ya yi kyau: hasken yamma a tagar jirgi, ruwan sama, kiɗa mai sanyi, dogon shiru. An tsara kowane hoto ne don ya karya maka zuciya, kuma aikinsu ya yi. Haɗarin shi ne ka tashi daga kallo kana jin daɗin ƙuncin, ka fara ganin duk son da bai zo da hawaye ba bai kai so ba. Kuma ku tuna ƙasar da ke zana wannan kaɗaici tana fama da shi a zahiri, har gwamnatinta ta naɗa ministan kula da matsalar kaɗaici a 2021.

Ke ƙanwata, wanda ya turo magabatansa gidanku, yake tashi da sassafe neman halali, kada ki raina shi don bai iya tsayuwa cikin ruwan sama yana kallon sararin samaniya ba. Saurayin zane ba ya jin yunwa, ba ya biyan kuɗin haya, ba ya rashin lafiya sai marubuci ya so. Kai kuma ƙanena da ka shekara biyar kana leƙa hoton wadda aka riga aka ɗaura wa aure, kana ce wa kanka amana kake riƙewa, ka ji tsoron Allah. Matar wani ce. Wadda take amsa kiranka yanzu kuma tana da haƙƙi a kanka.

Ban ce ku daina kallo ba, sai dai ku kalla har ƙarshe da hankalinku a jikinku. Shi Shinkai bai yabi Takaki ba. A ƙarshen fim ɗin ya gifta da wata mai kama da Akari a mararrabar jirgin ƙasa, ya waiwaya, jirage suka shiga tsakani. Da suka wuce babu kowa a wurin. Ita tuni ta yi nisa da shirin aurenta. Sai a lokacin ya yi murmushi, ya juya, ya ci gaba da tafiyarsa.