Sassaƙen Eket: An San Mai Saye, Ba a San Masassaƙi Ba

Wanda ya taɓa leƙa kundin gwanjon kayan tarihin Afirka a Faris zai iya cin karo da su: mutum-mutumin itace baƙi ƙirin, kai ƙato kewayayye kamar wata ɗan daren sha huɗu, ido a lumshe, ciki a ture, gwiwa a ɗan lanƙwashe kamar mai shirin tsalle. A ƙasan hoton za ka ga an rubuta "Eket, Najeriya", sannan jerin Turawan da abin ya ratsa hannunsu. Sunan wanda ya riƙe gizago ya sassaƙa shi kuwa, sai ka yi ta nema.

Mutanen Eket reshe ne na Ibibio, suna zaune a jihar Akwa Ibom, gefen kogin Qua Iboe. Yawancinmu da man fetur muka san garin. Masu tara kayan fasaha kuwa da itacensa suka san shi, musamman tun 1979 da François Neyt ya fitar da littafi a kan sassaƙen yankin. Ba don ado aka yi kayan nan ba. Wasu a ka ake ɗaura su a rawar ogbom, fuskokin itace da ake rufe fuska da su kuma na ƙungiyoyi ne irin su Ekpo, masu wakiltar kakanni.

Abin da ke damuna shi ne yadda kasuwar ke yanka farashi. Sunan Baturen da ya taɓa mallakar abu shi ke ɗaga kuɗinsa, amma ba mai tambayar yadda ya bar ƙauyensu. Shekarun da kayan kudu maso gabas suka yi ambaliya zuwa Turai kuwa sanannu ne: lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, da bayansa, da yawa ta kan iyakar Kamaru. Maƙwabtan Eket, mutanen Oron, su ne shaida. Kenneth Murray, Baturen Ingila mai kula da kayan tarihi, ya tara musu sassaƙen kakanni da ake kira ekpu sama da 600 a gidan tarihinsu; da yaƙi ya lafa, kaɗan ne suka rage. A 2020 kamfanin Christie's ya yi gwanjon wasu mutum-mutumin Ibo guda biyu a Faris, Farfesa Chika Okeke-Agulu ya yi ta kuka cewa a lokacin yaƙin aka kwashe su, amma guduma ta sauka, aka sayar.

Na san wani mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da gumaka? Da ruwanmu mana. Fataken Hausawa na cikin manyan dillalan kayan sassaƙa a Afirka ta Yamma, daga Legas har Abidjan, kuma kayan tarihin Nok da ke ƙasar Kaduna haka aka yi ta haƙe su ana fitarwa. Kare tarihin wata al'umma bai zama bautar abin da suka bauta wa ba.

Ba kuma duka aka sace ba, gaskiya ɗaya ce. Tun 1887 mishan ta Qua Iboe ta sauka a Ibeno, kusa da Eket, kuma jikokin da suka shiga coci da kansu suka sayar da wasu, ko suka bar wa gara. Itace a ƙasa mai danshi ba ya daɗewa, gidajen tarihinmu kuma kowa ya san halin da suke ciki. Shi ya sa ban ce a kwaso komai a dawo da shi ba.

Abin da nake cewa shi ne nauyin hujja ya koma kan mai sayarwa. Ya nuna takardar izinin fitarwa, ko shaidar cewa abin ya bar ƙasar kafin 1967. In babu, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta shigar da ƙorafi tun kafin ranar gwanjo. Tagullan Benin sun samu masu tsaya musu domin akwai fadar Oba, sarkin Benin, har Jamus ta fara mayarwa a 2022. Eket ba su da fada mai irin wannan murya, sai dai hukumar da ke Abuja.